Daga Jirgin Kara Zuwa Jirgin Da Ke Tashi



Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun da kaka, bayan an yanke dawa an jingine kara a bayan gida, ya san abin da yaranmu ke yi da hannuwansu. Za ka tarar da su a gindin bango da 'yar reza, suna ɓare kara suna sossoke shi, kafin la'asar an sami mota mai tayoyin tsohon silifa, ko jirgin sama mai farfelar gwangwani. Yawancinmu mun yi wannan wasa. Jirginmu na wancan lokaci igiya muke ɗaura masa mu ja shi a ƙasa, bakinmu kuwa shi ne injinsa.

Yaran yanzu sun ga abin da mu ba mu gani ba. A cikin wayar yayyensu suna kallon wani mutum a Sin ko Jamus ya ajiye ɗan jirgi mai kama da jirgin yaƙi a kan kwalta, tsawonsa bai fi mita ɗaya ba, ya taɓa rimot, jirgin ya yi ƙara ya sheƙa, ya tashi, ya yi juyi a sama, ya dawo ya sauka a gabansa. Yaron da ya ga wannan ba zai ƙara gamsuwa da jan igiya ba. Zai fara tara farin soso, ya kwance tsohuwar rediyo yana neman inji, wata rana kuma ya zo ya ce, "Baba, ina so in yi wanda zai tashi."

Amsar da muka saba bayarwa ita ce, "Tashi ka ba ni wuri, je ka ɗauki littafinka." Muna ganin akwai amsar da ta fi wannan. Amma kafin uba ya ba da ita, dole ne ya san abin da ɗansa ke nema da kuma haɗarin da ke ciki, musamman a wannan yanki namu inda abin da ke shawagi a sama ya daina zama abin wasa a idon mutane. Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan batu ke nan yau.

Wane irin jirgi ne wannan?

Babban jirgin jet, irin wanda ke ɗaukar fasinja ko na yaƙi, mai yake sha. Injinsa yana zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, ya feso ta ta baya da ƙarfi, wannan feshin ne ke tura jirgin gaba. Ƙaramin da muke magana a kansa ba ya ƙona kome. A cikin cikinsa akwai bututu, a cikin bututun akwai 'yar fanka mai fikafikai da yawa, injin lantarki ke juya ta fiye da sau 30,000 a minti ɗaya. Tana jan iska ta kafofin da ke gaba ko gefen jirgin, ta hura ta ta wutsiya. Da yake fankar a ɓoye take, ba a ganin farfela, sai ya yi kama da jet na gaskiya, har ƙararsa ma ta ɗauko tasa.

Ana auna waɗannan fankoki da faɗinsu. Akwai mai milimita 50, da 64, da 70, har zuwa 80 da 90. Mai 64 bai fi bakin kofin shayi ba, amma jirgin da ke ɗauke da ita yana iya wuce kilomita 100 a awa. Wato filin ƙwallo sukutum, kafin ka ƙirga huɗu ya ƙetare shi. Mu riƙe wannan lissafi, domin za mu dawo kansa.

Ban da fanka da injinta, akwai abubuwa huɗu a cikin jirgin. Na farko batir. Na biyu wani ɗan akwati da ke tsakanin batir da inji, shi ke ƙara gudu ko ya rage bisa ga umurnin matuƙi. Na uku na'urar karɓar saƙo, wadda ke jin abin da rimot ke faɗa. Na huɗu wasu 'yan injina da ake kira sarbo, ƙananansu gram 9 ne nauyinsu, su ke jan 'yan sandunan ƙarfe da ke motsa leɓɓan fikafikai da na wutsiya. Leɓɓan fikafikai su ke karkata jirgi dama ko hagu. Leɓen wutsiya na kwance shi ke ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi. Wanda ya taɓa zura wa shirwa ido tana shawagi a kan mahauta, ya ga yadda take murza wutsiyarta ta canja hanya ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ya riga ya ga wannan aiki.

Yawancin waɗannan kaya a Sin ake yin su, da kuɗin waje ake sayensu, don haka ba su da arha. Gangar jikin jirgin ce kaɗai yaro zai iya samu kusan kyauta.

Kada a fara da jet

Ga shawara ta farko, kuma ita ce yara ba sa son ji. Jet ba na ɗan koyo ba ne. Fikafikansa ƙanana ne, don haka sai yana gudu sosai yake iya tsayawa a sama, da ya rage gudu sai ya faɗo kamar dutse. Fankar cikin bututu kuma ba ta da ƙarfin ja daga tsaye kamar farfelar waje, sai jirgi ya ɗauki gudu take nuna ƙarfinta. Matuƙin da ya yi kuskure ba shi da lokacin gyarawa. Kuɗin da aka tara wata shida yana iya zama tarkace cikin daƙiƙa goma.

Hanyar da masu wannan sana'a ke bi hawa-hawa ce. Da farko a yi jirgi marar inji, wanda ake jefawa da hannu. Farin soson nan da ake kare talabijin ko firji da shi a cikin kwali ya isa, da wuƙa mai kaifi, da 'yar takardar goge katako, da tsinken tsire don ƙarfafa fiffike. A nan yaro zai koyi yadda siffar fiffike ke riƙe iska: samansa a ɗan lanƙwashe, ƙasansa a shimfiɗe, gabansa da kauri, bayansa siriri. Zai kuma koyi cewa fikafikan biyu dole su zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. Idan wannan jirgi ya faɗi ba a yi asarar kome ba.

Bayan haka sai a yi mai farfela, mai dogon fiffike a saman gangar jiki, mai tafiya a hankali. Irin wannan ko an saki rimot yakan daidaita kansa. Sai wanda ya iya tayar da shi ya saukar da shi sau da yawa ba tare da ya fasa ba, shi ne ya isa ya taɓa jet. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

A kula da gam. Mun san yadda masu liƙin kwano ke jefa farin soso cikin fetur ya narke ya zama danƙo. Haka gam mai ƙarfin nan na cikin ɗan bututu da fentin feshi ke cinye shi. A gwada kowane gam a kan ɗan guntu tukuna. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindigarsa yana kamawa da kyau, sai dai yana da nauyi, kuma zafin ranar bazara yana sassauta shi. Ga wanda ya kai ga yin jet, bututun iskar shi ne rabin aikin. Cikinsa ya zama sumul, kafofin shigar iska kada su kasa faɗin fankar, bakin fitar kuma a ɗan tsuke shi kaɗan. Waya ɗaya da ta gitta cikin bututun tana rage ƙarfin jirgi.

Saiti kafin tashi

Yawancin jiragen da ke faɗuwa ran farko tun a kan tebur suka faɗi. Abu mafi muhimmanci shi ne inda nauyin jirgin ya taru. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, ana auna faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya, a sa alama tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaban. Misali, in faɗin santimita 20 ne, alamar tana tsakanin santimita 5 da 6 da rabi. Sai a sa batir da kome da kome a ciki, a tallabi jirgin da yatsu biyu a kan alamar. Ya kamata ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan. In hanci ya yi nauyi, jirgin zai tashi da kyar amma yana jin magana. In baya ne ya yi nauyi, zai ɗaga kai ya tsaya cik a sama ya kifo, ba kuwa gwanin da zai cece shi. Gyaran bai wuce matsar da batir gaba ko baya ba. Jet mai fikafikai a karkace zuwa baya lissafinsa dabam ne, a bi abin da zanensa ya nuna, kada a yi kirdado.

Na biyu, a tsaya a bayan jirgin a gwada rimot. In an karkata sanda dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga sama, na hagu ya yi ƙasa. In an jawo sanda wajen ciki, leɓen wutsiya ya ɗaga. Sau da yawa akan same su a juye, kuma wanda bai duba ba sai a sama zai gane.

Na uku, a auna ƙarfin fankar. A kifa hancin jirgin a kan sikeli irin na masu sayar da nama, a riƙe shi kada ya faɗi, a buɗe wuta duka a ga abin da ya ƙaru. In ƙarfin bai kai kamar kashi biyu cikin uku na nauyin jirgin ba, tashi zai yi wuya, sai a rage nauyi.

Na huɗu, kullum rimot ake fara kunnawa, sandar gudu tana ƙasa, sa'an nan a haɗa batir. Wajen kashewa batir ake fara cirewa. A kuma saita na'urar karɓar saƙo yadda in ta daina jin rimot za ta kashe injin da kanta. Kafin tashi, wani ya riƙe jirgin, matuƙi ya yi nisa da ƙafa ya tabbatar saƙo yana kaiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batir: wuta ce a cikin gida

Iyaye mata, wannan sashe naku ne musamman, domin a ɗakinku ake cajin. Batirin waɗannan jirage na litiyam ne, za ku ga an rubuta LiPo a jikinsa. Ba shi da gwangwanin ƙarfe, 'yar leda ce mai kauri kawai ta rufe shi. Ɗaki-ɗaki ake haɗa shi, kowane ɗaki bolt 3.7, in ya cika 4.2. Mai ɗaki uku 11.1 ke nan, mai huɗu 14.8, mai shida 22.2. In ɗaki ya wuce 4.2 yana iya kumbura ya kama wuta. In ya sauka ƙasa da 3 ya lalace. In za a ajiye shi kwanaki, a bar kowane ɗaki a wajen 3.8.

Ga lissafin da zai ba yaro mamaki. Batirin da aka rubuta 2200 a jikinsa, in injin yana jan amfiya 40, cikin minti uku da 'yan daƙiƙu zai ƙare. Cajinsa kuwa kusan awa ɗaya yake ci. Wato awa guda ta jira domin minti uku a sama. Wanda ba shi da haƙuri ya nemi wani wasan.

Wannan batir yana da cajarsa ta musamman, mai duba kowane ɗaki dabam. Kada a kuskura a jona shi kai tsaye da batirin mota, ko na sola, ko cajar waya da aka yanke wa kai. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas a garuruwanmu, akwai irin cajar da ke aiki da batirin sola mai bolt 12, ita ta fi dacewa da mu. Kada a yi caji a kan katifa ko tabarma, ko kusa da galan ɗin fetur ɗin babur, kada kuma a jona shi a je barci. A sa shi cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, a tsakar gida, a inuwa, da bokitin yashi a kusa. Batirin da ya kumbura, ko ya lotse bayan faɗuwa, ya gama aiki. Kada a huda shi, kada a jefa shi bola inda ake ƙona shara. A haɗa shi da ɗan ƙwan fitila a waje har wutarsa ta ƙare sarai. Gidajenmu da yawa akwai danni na kara da rumbu a kusa, kuma mun san abin da ɗan tartsatsi ke yi da hunturu.

Iska, zafi da ƙura

Littattafan wannan wasa a ƙasashen sanyi aka rubuta yawancinsu. Namu yanayin dabam ne. A watannin Maris da Afrilu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, fanka ma ba ta samun abin hurawa, sai jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya tashi, inji da batir kuma su yi saurin ɗaukar zafi. Da hunturu hazo ke ɓoye jirgi tun bai yi nisa ba, jirgin da ido bai gani ba kuwa ya fita daga hannun mai shi. Da rana tsaka ga guguwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sassafe, kafin iska ta tashi.

Jet yana da wata matsala da ƙasarmu. Bakinsa a kusa da ƙasa yake, yana zuƙar yashi da tsakuwa, tsakuwa ɗaya kuwa ta isa ta karya fankar da ke juyawa da wannan gudu. Shi ya sa ƙananan ake jefa su da hannu, a saukar da su a kan ciyawa. Ko da wane iri ne, ana tashi ana sauka ne fuska ga iska, kamar yadda balbela ke yi. Akwai kuma abin da ke rikita kowane ɗan koyo: in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta zama hagunka. Wannan sai da maimaici yake zama jiki, kuma akwai manhajar kwamfuta da ta waya da ake koyonsa a kai ba tare da an fasa kome ba.

Fili kuwa Allah ya ba mu. Madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato ta shimfiɗa gonakin noman rani a ƙasashen Maradun, Talata Mafara da Bakura, fili fetal iya ganin ido. Wanda ya zo daga Legas zai ce ba inda ya fi nan daɗin tuƙa ɗan jirgi. Sai dai a nan ne maganar ta yi nauyi.

Sararin sama yana da masu shi

Ba mu manta da shekarar 2021 ba. Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ran 2 ga Maris. A ranar da aka sako su gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar hana jirage shawagi a sararin Jihar Zamfara. A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, bayan 'yan kwanaki aka rufe layukan waya a jihar. Ƙananan hukumomin nan uku, kowace an taɓa mata makaranta a shekara ɗaya.

Mutanen da suka ga wannan, in sun ji ƙara a sama ba tambaya suke fara yi ba. Su kansu sojojin samanmu, ƙananan jiragen leƙen asiri marasa matuƙi da suka ƙera a Kaduna, na 2013 Gulma suka sa masa suna, na 2018 kuma Tsaigumi. Sunayen sun faɗi abin da kowa ke zato in ya ga irin wannan abu a sama: wani ne ya aiko shi ya gano masa wani abu. Yaron da ya fita bayan gari da jirgi mai siffar na yaƙi yana iya tayar da kasuwa, yana iya jawo harbi, ana kuma iya ɗaukarsa mai kai wa 'yan bindiga rahoto, zargin da ya ci rayukan mutane a wannan jiha. Haka nan jakar da ke ɗauke da batir, da wayoyi, da rimot, in an buɗe ta a shingen bincike a hanyar Gusau ko ta Sakkwato, ba jirgin wasa jami'i zai fara gani ba.

Doka ma ta yi magana. Tun watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Kada wani ya ce nawa na soso ne, doka ba ta shafe ni ba. Ba shi ne zai yanke wannan hukunci ba.

Saboda haka shawararmu a fili take. Ƙira, da saiti, da gwajin inji, da koyon tuƙi a kwamfuta, duk ana iya yinsu a cikin gida ko a makaranta. Jirgi marar inji ana iya jefa shi a cikin harabar makaranta a gaban malami. Amma tayar da mai inji sama, kada yaro ya yi shi shi kaɗai, kada a yi shi a ɓoye, kada a yi shi a bayan gari. A bi ta hannun shugaban makaranta, shi ya sanar da mai unguwa, da hakimi, da babban jami'in 'yan sanda na yankin, a nemi izini a rubuce. In sun ce a'a, a'a ɗin ke nan, sai a ajiye jirgin har lokacin da hali ya yi. In an yarda, a shafa wa jirgin launi mai haske, rawaya ko ja, ban da launin soja, ban da kyamara, a rubuta sunan makaranta a jikinsa. A nisanci barikin soja, da ofishin 'yan sanda, da madatsar ruwa, da turakun wuta da na waya, da kasuwa, da garken shanu. 'Yan kallo su tsaya a bayan matuƙi. Ku tuna lissafinmu na filin ƙwallo: abin da ke wannan gudu, ko na soso ne, yana iya tsone ido.

Wasa ne, amma ba wasan banza ba

Wani zai ce, in abin yana da wahala haka, me ya sa ba za a hana yaron kawai a huta ba? Bari mu ba da labari biyu.

A 1878 a ƙasar Amurka, wani bishop ya dawo daga tafiya ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar ɗan abin wasa na takarda da gora, da roba ake murɗa shi ya tashi sama. Wilba Rait yana da shekara 11, ƙanensa Obil yana da 7. Da ya lalace sai suka ƙera nasu. Sun girma suna gyaran keke. Daga 1900 zuwa 1902 jirage marasa inji kawai suka yi ta gwadawa, suka auna siffofin fiffike wajen 200 a cikin wani akwatin iska da suka haɗa da kansu. Sai ran 17 ga Disamba 1903 jirginsu mai inji ya tashi, daƙiƙa 12 kacal. Bayan shekara 22, ran 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sama suka sauka a Kano karo na farko.

A Kanon kuma, a 2007, jaridun duniya suka ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, mai shekara 24, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Da kuɗin gyaran waya da kwamfuta ya yi aikin. Jirgin bai wuce kamar mita 2 daga ƙasa ba, amma ya tashi.

Yau wannan ilimi yana da kasuwa. Inji, da batir, da sarbo, da lissafin nauyi da yaro ke koya a ɗan jirginsa, irinsu ne a cikin jiragen lantarki marasa matuƙi da kamfanin Zipline ya fara kai magani da su asibitocin karkara a Jihar Kaduna a 2022. Makarantu kuma suna nan. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tun 1964 aka kafa ta. A Kaduna akwai cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke koyar da injiniyancin jirage. A nan gida kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Dukansu da lissafi da fiziks ake shiga. Yaron da ya ga jirginsa ya kifo saboda kuskuren santimita ɗaya ba sai an kore shi zuwa ga littafin lissafi ba. Ko da bai taɓa zama matuƙi ba, ya iya liƙin dalma, ya san batir, ya san wayoyi, hannunsa kuwa ba zai rasa abinci ba a wurin masu sola da masu gyaran waya.

Don haka, 'yan'uwa iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta zo da wannan magana, ku zauna ku saurara. Ku ce a fara da marar inji. Ku karɓi batir ya zauna a hannunku. Ku kai yaron wurin malamin kimiyya, ko wani amintaccen mai gyaran rediyo, ya zama akwai babba a kan aikin. Yara huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi rimot ɗaya, ya fi kowa ya yi ta fama shi kaɗai a ɓoye. Yaron da aka kora ba dainawa yake yi ba, ɗakin abokinsa yake komawa, inda ba mai faɗa masa abin da batir ke yi, ko abin da mutane za su zata in sun gan shi a bayan gari.

Ku kuma yara, ku yi haƙuri da tebur. Jirgin da aka auna da kyau ba ya ruɓewa don ya jira. Muna roƙon Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, har ran da yaro zai tayar da jirginsa a fadamar Bakolori, manoma su ɗaga kai su yi dariya su ci gaba da aikinsu.